Mu da Danshin Gindin Bango a Garwa

In ka shiga tsohon gida a Fulɓere ko Hausare ko Kollere wajen ƙarshen Oktoba, bayan ruwa ya ɗauke, kafin a kawo maka ruwan sha ka ɗan saci kallon gindin bango. Za ka ga wani layi ya bi ɗakin ya zagaye shi. Wani wuri iya ƙwauri yake, wani wuri ya kai gwiwa, a kusurwar da ta jingina da banɗaki kuwa sai ka tarar ya kusa ƙugu. Ƙasan layin fenti ya yi duhu ya kumbura, yana ɓantarewa da kansa. Daidai bakin layin ga farin gishiri nan ya tsattsafo, in ka shafa ya biyo hannunka. Tayil ɗin da aka jera a gindin bango domin ado ya saki, babu abin da ke riƙe da shi sai 'yan uwansa na gefe. A tsofaffin gidajen ma'aikata da aka zagaye gindin ɗakunansu da katako, katakon ya zama gari, fenti kawai ya rage a tsaye.

Duk mun san layin nan. Akwai shi a gidanmu, akwai shi a gidan surukai, akwai shi a masallacin unguwa inda ake jingine tabarmi. Kuma da zarar an tayar da zancensa a majalisa, amsoshinmu a shirye suke. Wannan ya ce ai daminar bana ce ta yi yawa. Wancan ya ce simintin yanzu ba irin na da ba ne. Mai shayi ya tsoma baki daga inda yake, ya ce ƙasar unguwar ce haka tun kakanni. Sai wani dattijo ya rufe zancen da kalma ɗaya: Lagdo. Kowa ya gyaɗa kai, a koma hirar ƙwallon Coton Sport.

Lagdo tana da nata alhakin, ba mai musu. Madatsar da mutanen Sin suka gina a kan Binuwai tsakanin 1977 da 1982, kimanin kilomita 50 daga Garwa, in ta cika dole a buɗe ta, kuma ta nan ruwan yake bi kafin ya gangara Yola da Makurɗi da Lakwaja. Wanda ya ga daminar 2012 ba sai an ba shi labari ba. Gonaki sun nutse, gidajen bakin kogi sun rushe, dubban mutane sun rasa matsuguni, har shugaban ƙasa Paul Biya ya zo Garwa cikin Satumba na shekarar. Ga kuma Mayo Kebbi da ke zubowa cikin Binuwai a ƙasan madatsar, kafin kogin ya iso gari, shi babu ƙofar da ake rufe masa. Wannan ruwa ne mai shigowa ta ƙofar gida kowa na gani, rediyo na faɗa, hukuma na zuwa. Layin da nake magana a kai kuwa yana nan har a gidajen kan tudu da Binuwai bai taɓa leƙa ƙofarsu ba. Ruwan da ke zana shi, mafi yawansa namu ne.

Tubalin ƙasa da bulon siminti da yaɓen da ke kansu duk cike suke da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. In ƙasar da bango ke tsaye a kai ta jiƙe, ruwa yana bin ƙofofin nan ya hau, kamar yadda kananzir ke bin lagwani ya kai bakin fitila. Yana hawa yana bushewa ta fuskar bango, har ya kai inda abin da ke hawa da abin da ke bushewa suka yi daidai. Nan layin yake tsayawa, galibi bai cika wuce mita 1 ba. Ruwan kuma ɗauke yake da gishirin ƙasa, da na fitsari in wurin kusa da banɗaki ne. Shi ya bi iska ya tafi, gishirin ya zauna cikin yaɓe, ya daskare, ya ture fenti da filasta waje. Shi ya sa ɓarnar ta fi bayyana da hunturu, in iska ta bushe ƙarau.

To daga ina ƙasar gindin bango ke samun wannan ruwa? Mu fara da rufinmu. Garwa na samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa cikin Yuli da Agusta da Satumba. Milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Ke nan gida mai rufin kwano mita 10 tsawo, mita 10 faɗi, yana karɓar lita 100,000 a damina guda, duro 500 irin na lita 200. Hadari ɗaya mai ƙarfi da ya zubar da milimita 50 ya isa ya sauke duro 25 daga kan rufin nan. Ina muke kai shi? Babu. Ranar rufi mun ce wa kafinta ya taƙaita bakin kwano don a rage kuɗi, saboda haka ruwan yana sauka taku ɗaya daga bango, ya fantsama masa laka, sauran ya nutse daidai kan harsashi. Masu soro kuma indararo ya tsage, ruwa na bin jikin bango yana gangarowa, an ce a bari sai bayan damina.

Wannan na wata biyar ne ko shida. Akwai na kullum, wanda ba ya jiran hadari. A gindin bangon zaure muke alwala, inda inuwa take, sau biyar a rana, mu da baƙinmu da almajirai. Wanke-wanke a kusurwar da ke tsakanin madafa da ɗakin uwargida ake yi. Randa tana jingine da bango tana tsattsafa dare da rana, kuma da yake tsattsafar nan ce ke sanyaya mana ruwa cikin zafin Afrilu, ba mai ganin laifinta. Banɗaki mun manna shi da ɗakin kwana domin sauƙin dare, daɓensa ya tsage shekara da shekaru. Ramin masai taku uku ne daga harsashi. Bututun famfo da aka binne tun zamanin shugaba Ahijo yana iya yoyo a ƙarƙashin ƙasa ba wanda ya sani, sai dai a yi ta ƙorafin tsadar kuɗin ruwa.

Sai rariya, uwar rigima. Kowane gida ya huda katangarsa ya saki ruwan wanka da na wanki cikin lungu, lungun kuma faɗinsa bai wuce mutum biyu su gifta juna ba. Ruwan da ya fito daga gidana, a gindin ɗakin maƙwabcina yake kwana. Shi kuma in abin ya ishe shi, ba zai zo ya same ni ba. Zai sayi ƙasa tifa guda ya zuba a ƙofar gidansa, ya ɗaga wajensa, ruwa ya juyo wajena. Baɗi ni ma in zubo tawa, in ɗara shi da taƙi guda. Na gaba da mu ya ga haka, ya kawo ɓaraguzan gini ya jibge. Kafin a ankara lungu ya tashi da kamu guda ko fiye, ɗakunan da iyayenmu suka gina ana ɗaga ƙafa a shige su, yanzu gangarawa ake yi. Duk wanda ya taɓa sunkuyawa ya shiga tsohon zaure ya ji ƙafarsa ta faɗa ƙasa, ya san abin da nake nufi. Ɗakin da daɓensa ya koma ƙasa da tsakar gida, tsakar gida kuma ƙasa da lungu, jiƙaƙƙiyar ƙasa tana jingine da bangonsa daga waje, ko da wane irin siminti aka gina shi sai ya sha ruwa.

Gari ya samu sababbin tituna da kwatoci gabanin gasar cin kofin Afirka da aka buga wasanninta a filin Rumde Ajiya farkon 2022, kuma mun ji daɗinsu. Sai dai kwata aikinta ya dogara ga abin da ake zuba mata, mu kuwa leda muke zuba mata da tokar murhu da sharar tsakar gida, musamman in hadari ya haɗo, a ce ruwa zai tafi da su. Yana kai su kwalbati na gaba ya ajiye, ya dawo mana ta baya.

Abin da ke ba ni tausayi a zancen rariya shi ne kunyar da ke hana mu magana. Mutum biyu suna sahu ɗaya a masallaci, sun aurar wa juna 'ya'ya, amma ɗaya ba zai iya buɗe baki ya ce, "Alhaji, don Allah rariyar nan taka tana cin ɗakin Goggo, mu haɗa kuɗi mu ja mata hanya zuwa kwata" ba. Gani yake ƙaramin abu ne, kada a ce ya cika fitina. Sai ya haɗiye. Matan gida su ɗauka a tsakaninsu ta kan katanga, yara su gaji gabar, ranar da bango ya faɗi a tafi gaban jauro, wato mai unguwa, ana tone-tone. Haƙƙin maƙwabci da malamai ke ta faɗa mana a wa'azi, rariya na cikinsa.

To, layi ya fito. Me muke yi? Fenti. Sallah ta matso, ko za a kawo amarya, ko Alhaji zai dawo daga Makka, a kira yaro ya kankare sama-sama ya shafe. In ana son mai ƙarko sai a sayi fentin mai, mai sheƙi, a shafa daga ƙasa zuwa ƙugu, shuɗi ko ruwan toka. Wata uku ya yi kyau. Fentin mai ba ya barin bango ya sha iska, ruwan da ke ciki ya taru a bayansa, ya yi bororo ya fashe. Daga nan sai mu ce to tayil. A jera layi ɗaya, baɗi danshi ya ɓullo a samansa. A ƙara layi biyu, ya ɓullo a samansu. Akwai falon da na shiga tayil ya kai kafaɗa, kuma ga duhun danshi nan yana leƙe a samansa, dab da makunnin wuta. Mai gidan mutumin kirki ne, ya kashe kuɗin da ya isa a yi wa gidan gaba ɗaya magudana. Ba wanda ya taɓa gaya masa cewa duk tayil ɗin da ya ƙara hanyar bushewa ya toshe, ruwan kuwa dole ya hau ya nemi wata.

Wanda ya fi wannan ciwo shi ne abin da muke yi wa ginin ƙasa. Tun da siminti ya wadata, ga masana'antar Figil nan a kan hanyar Marwa, sai ya zama abin kunya a ga gidan mutum da yaɓen laka. Kowa ya lulluɓe bangon kakansa da filastar siminti ciki da waje, har da kafa ƙusoshi don ta kama. Daga nesa gida ya zama na zamani.

Na tsaya kusa da wani tsohon magini ranar da aka kira shi duba irin wannan bango. Ɗakin wata dattijuwa ne ya fara tsagewa daga kusurwa. Bai tambayi kowa komai ba da farko. Ya zagaya bayan ɗakin, ya tsuguna, ya daɗe yana kallon inda ruwan rufi ke sauka. Ya dawo ya ɗauki 'yar guduma yana bubbuga filasta daga sama zuwa ƙasa, yana kasa kunne. Sama tana amsawa ƙwas-ƙwas, daga gwiwa zuwa ƙasa kuwa sai ka ji rami ne a bayanta. Ya ɓalle wani yanki, ya zura hannu, ya damƙo ƙasar ciki. Cikin Janairu ne, rabon gari da ruwa wata uku, amma ƙasar ta dunƙule a hannunsa har ta jiƙa masa tafi. Ya miƙa wa saurayin gidan.

"Ɗana, riƙe ka ji. Wannan ita ke ɗauke da rufin da Goggonka ke kwana a ƙarƙashinsa."

"To Baba, a ƙara siminti mai ƙarfi ke nan?"

Tsohon ya girgiza kai. "A tokare rufin tukuna. A cire wanda ke nan, daga ƙasa har inda ya kama da kyau. A bar bangon ya sha iska zuwa bazara. Yau-yau a mayar da Goggo wani ɗaki, kuma a gyara bakin kwanon can, don shi ne mafari."

Bangon ƙasa ƙarfinsa a bushewarsa yake. In gindin ya jiƙe ya yi laushi, nauyin sama yana nan yadda yake. Shi ya sa ɗakin ƙasa durƙushewa yake yi daga gindi, sau da yawa cikin dare, bayan ruwan kwana biyu, mutane na barci a ciki. Kowace damina sai mun ji irin wannan labari a arewacin Kamaru, a yi jana'iza, a ce ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce. Filastar da ta ɓoye mana laushin bangon kuwa mu muka sa ta.

Kakanninmu ba su da siminti, amma sun san halin ruwa. Dakalin da muke zama a kai muna hira, babban aikinsa kare gindin bango ne: ya karɓi fantsamar ruwa, ya ture shi nesa, in ya zaizaye a sake shi ba tare da an taɓa bangon ba. Daɓen ɗaki sama da tsakar gida yake, tsakar gida sama da lungu. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka ana kwaɓa ƙasa da ciyawa, a bi gindin bango a cike inda ya ci, a yi sabon yaɓe. Maginan Kano da Zariya suna da makuba ta ɓawon ɗorawa, suna da laso da ake haɗawa da katsin marina da gashin majema da dafara. Je ka Pus, kusa da Maga, ka dubi ɗakunan Musgum masu tsini. Zanen da ke jikinsu yana karya gudun ruwa, kuma shi ne matakalar da ake takawa a hau a sabunta yaɓe. Tun ranar gini an san za a riƙa komawa kan ɗakin. Ban ce a koma zamanin da ba. Aikin yana son hannu da yawa, samarin da za su kwaɓa ƙasa kuwa yanzu suna kan babur suna neman na abinci. Amma mun ajiye yaɓen shekara-shekara ba mu ɗauki komai a madadinsa ba, mun ɗauka siminti sau ɗaya ake yi a huta.

Masu ginin bulo kada su ce zancen masu gidan ƙasa ne. A ƙa'idar gini, in harsashi ya fito daga ƙasa ana shimfiɗa abin da ruwa ba ya ratsawa, leda mai kauri ko kwalta, kafin a ɗora bulon ɗaki, kuma shimfiɗar ta zama aƙalla santimita 15 sama da ƙasar waje. Haka ma ƙarƙashin daɓe. Mu a nan ita ce farkon abin da ake tsallakewa, don ba a ganinta. Mai gida yana Yawunde ko Duwala yana aiko kuɗi, ƙaninsa ne a tsaye, birkila na sauri, bulon kuma an buga shi da yashi mai yawa don buhu ya haifi da yawa. Tun ran gini tun ran zane. A Marwa da filayen masakwa akwai ƙari, don baƙar ƙasar karal tana kumbura da damina ta tsattsage da rani, daɓe ya bi ta ya tsage, ruwa ya samu ƙofa.

A cikin gida mata ne ke fara sani, tun kafin layi ya fito. Su ke jan gado su yi shara, su ke buɗe akwati su ji warin da ya kama zannuwa. An yi wa amarya jere da kayan da iyayenta suka yi shekaru suna tari, kabad da gado na katakon nan da ake matsewa daga garin katako, an manna su da bango don ɗaki ya yi fili. Damina biyu, ƙafafun kabad sun kumbura sun buɗe, bayansa ya yi baƙi da funfuna, murfinsa ya daina rufuwa. In aka ɗaga ledar ɗaki, ƙasanta sharkaf. Takardun makaranta da na fili da littattafan Malam da ke cikin kwali a ƙarƙashin gado sun manne da juna. Gara kuma, da ke neman itace mai danshi a cikin duhu, ta bi ta hau har ƙyaure, har azara. In matar ta faɗa, a ce mata, "Bari ruwa ya ɗauke." Ruwa ya ɗauke, wari ya ragu, a manta.

Tun 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan danshi da funfuna a cikin ɗaki, inda ta nuna alaƙarsu da tari da sarƙewar numfashi da tashin asma. Yaron da ke kwana a kan katifa a ƙasa, kansa a jikin bangon nan, taga a rufe saboda sauro, shi ke shaƙar abin har asuba. Mu kai shi asibiti, a ba shi magani, mu dawo da shi kan katifar.

Gidajen da suka fi shan wahala su ne na gado da ba a raba ba. Mai gida ya rasu, 'ya'ya sun watsu, wasu na Ngaundere, wasu na Yola, wasu na Njamena, waɗanda ke ciki su ne tsofaffi da zawarawa da marasa ƙarfi. Mai kuɗin gyara yana tsoron a ce yana shirin cinye gidan. Na ciki yana tsoron ya taɓa a ce wa ya ba shi izini. Kowa na jiran ranar rabo, ruwa na aikinsa.

Gyaran gaskiya, mafi yawansa bai kai kuɗin tayil ba. Ranar da ake ruwa sosai, mai gida ya ɗauki lema ya fita ya zagaya gidansa, ya ga da idonsa inda ruwa ke sauka, inda yake kwanciya, inda yake bi. In bakin kwano ne, a ƙara masa tsawo, ko a tare ruwan a kai shi cikin duro mai murfi a yi wanki da shi. A kwashe ƙasar da ta taru a jikin bango, a yi dakali ko daɓe mai gangara zuwa waje. A matsar da randa, a yi wa wurin alwala 'yar magudana. Wanda ke zargin bututu ya rufe duk famfunan gida ya je ya dubi mitar ruwa. In tana juyawa, akwai yoyo a ƙasa.

Sai haƙuri, wanda shi ya fi mana wuya. Bango mai kauri da ya sha ruwan shekaru watanni yake ɗauka kafin ya bushe. Mu kuwa Oktoba na ƙarewa, ko kuɗin auduga na shigowa, muke kiran mai filasta, mu rufe bango da ruwansa a ciki. A kankare ruɓaɓɓiyar filasta da farkon hunturu, har a ɗan wuce layin, a share gishirin da busasshiyar tsintsiya, kada a wanke da ruwa don ciki yake komawa, a bar wurin a buɗe. Allah ya ba mu zafin da ake ba da labarinsa a duk Kamaru. Maris da Afrilu na Garwa, da ma'aunin zafi ke haura 40, sun isa su busar da bango in an bar su. Sannan a mayar da yaɓe: na ƙasa a kan ginin ƙasa, ko mai haɗin farar ƙasa, wadda ita ma a Figil ake ƙona ta. Fenti kuma na ruwa. Kabad da gado a ja su baya da faɗin tafin hannu, a riƙa buɗe taga da rana. Na san akwai mai cewa baƙi za su zo Sallah su ga bango a kankare. Su gani mana, gyara ake yi.

Wanda ke da tsohuwa ko yara a ɗakin ƙasa mai filastar siminti, kada ya jira hadarin Mayu. Ya ɗauki guduma ko dutse ya bubbuga gindin bangon, in ya ji ya saki ya kira magini, ya mayar da su wani ɗaki. Kai kuma da rariyarka ke zuba a gindin ɗakin maƙwabci, kada ka jira shi ya zo, kunya ba za ta bar shi ba. Ka je ka yi masa sallama, ku auna hanyar da za ku ja mata zuwa kwata tun ƙasa tana bushe.